Kundin Aikin Gwada Ra'ayoyin Masana Kan Tunanin Yara a Cikin Birnin Kano

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta yadda aikin da na ɗauko yake tafiya, da abin da ya yi daidai da abin da ya kuɓuce mini. Aikin shi ne rubuta ɗan littafin jagora da Hausa saboda malaman nazare da na aji ɗaya zuwa uku na firamare, wanda zai bayyana abin da masana suka faɗa game da yadda yaro yake koyo da yadda tunaninsa yake girma. Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da ƙananan azuzuwa a cikin birni, kuma har yanzu ina tuna yadda muka haddace matakan girman tunanin yaro guda huɗu na masanin nan Piaget a kwalejin horar da malamai, muka juye su a takardar jarrabawa, muka ci, ba tare da ko ɗaya daga cikinmu ya taɓa zuba ruwa a kofi a gaban yaro ya ji abin da zai ce ba. Saboda haka na gindaya wa kaina sharaɗi guda: ba zan sa ra'ayin wani masani a littafin ba sai na gwada shi da yaran unguwarmu, da harshensu, da kayan da suka saba gani.

Na shiga gida-gida na nemi izinin iyaye, na samu yara goma sha takwas, daga mai shekara huɗu zuwa mai shekara goma. Wasunsu suna zuwa boko da Islamiyya, wasu makarantar allo kaɗai, uku daga cikin 'yan matan kuma suna talla. Za mu riƙa haɗuwa a soron gidanmu ranar Alhamis da yamma, tun da ba a karatun allo a ranar, da kuma wasu Asabar ɗin da hantsi. Kayan aiki ba su wuce kofunan gilashi biyu iri ɗaya ba, da doguwar kwalba, da faffaɗan kwano, da murafen kwalaben lemo, da gyaɗa, da curin yumɓu.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na gama zubin farko na babin Piaget, wanda malaminmu ya koya mana furta sunansa Fiyaje. An haife shi a ƙasar Suwizalan a 1896, ya rasu a Janiba a 1980. Da nazarin katantanwa ya fara ilimi, sai daga baya, wajen 1920, ya samu aiki a birnin Faris na gwada yara da tambayoyin auna basira. A nan ne ya lura da abin da ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, wato kurakuran yara ba a warwatse suke ba, yaran da suke sa'annin juna irin kuskure ɗaya suke yi, kuma a bayan kuskuren akwai hujjar da yaron ya yarda da ita. Wannan ne na sa a shafin farko, domin malamin da ya ɗauki amsar da ba daidai ba a matsayin taga ta leƙa tunanin yaro ya riga ya samu rabin abin da littafin zai ba shi.

A ganinsa yaro da kansa yake gina fahimtarsa ta hanyar taɓa abubuwa da jujjuya su. Idan ya ga sabon abu, sai ya fara cusa shi cikin abin da ya riga ya sani, kamar yaron da ya san mage ya ga zomo ya ce ga mage. Idan abin ya ƙi shiga, zomon ya yi tsalle, kunnuwansa suka yi tsawo, sai yaron ya gyara saninsa ya buɗe sabon gurbi. Matakan kuwa, na farko daga haihuwa zuwa shekara biyu, lokacin da jariri yake sanin duniya da ido da hannu da baki, har ya gane cewa makullin da aka ɓoye ƙarƙashin zane yana nan bai ɓace ba. Na biyu daga biyu zuwa bakwai, lokacin magana da wasan 'yar tsana da tuwon ƙasa, amma ido yana rinjayar hankali. Na uku daga bakwai zuwa wajen sha ɗaya, inda yaro yake iya kafa hujja a kan abin da yake gani ko yake riƙe da shi. Na huɗu daga nan zuwa sama, inda yake iya tunani a kan abin da aka ƙaddara kawai.

Shekara bakwai ɗin nan ta tsaya mini a rai. Hadisi ya zo da umartar yara da salla idan sun kai bakwai, malaman fiƙihu kuma suna maganar shekarun tamyizi, lokacin da yaro yake fara rarrabewa. Na ambaci wannan a babin da taka-tsantsan, domin malamanmu su ga cewa lura da sauyin hankalin yaro a wannan gaɓa tsohon abu ne a wurinmu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Gwajin farko. Na yi amfani da zoɓo maimakon ruwa domin a ga iyakarsa sosai a jikin gilashi. Na zuba a kofuna biyun daidai wa daida, na tambayi yaro ko ɗaya suke, idan ya amsa sai in juye ɗaya a doguwar kwalba a gabansa, in sake tambaya: yanzu wanne ya fi yawa, ko kuwa ɗaya suke? Abin da ake nema shi ne ko yaro ya gane cewa yawan abu ba ya canzawa don an canza masa mazubi. Na sa wa wannan suna dawwamar yawa, kafin in samu wanda ya fi shi.

Wani yaro mai shekara biyar ya durƙusa har haɓarsa ta kusa taɓa tabarma, ya daidaita idonsa da kwalbar, ya ɗora yatsa a inda zoɓon ya tsaya, ya ce, "Anti, wannan ya fi, kin ga ya hau sama." Na mayar da zoɓon cikin kofi, ya ce yanzu sun koma ɗaya. Na sake juyewa, ya sake cewa na kwalba ya fi, kuma shi yake so a ba shi. Babu alamar ruɗewa a fuskarsa, abin da ya gani yake faɗa. Yayarsa mai shekara takwas kuwa ko kallon kwalbar ba ta yi ba, ta ce, "Ai ba ki ƙara ba, ba ki rage ba, kwalbar ce siririya." Na ji daɗin wannan amsa matuƙa, domin hujjoji biyu ta haɗa a numfashi ɗaya, kuma irinsu ne Piaget ya rubuta daga bakin yaran Janiba.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sakewa. Wata yarinya mai shekara tara, cikin masu talla, wadda kullum take auna gyaɗa da gwangwani, ta ce kofuna biyun ɗaya suke. Da na juye na sake tambaya, sai ta ɗago ta dubi fuskata, ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Na kwalbar." A takardata na rubuta cewa ba ta kai mataki na uku ba. Amma na lura ba zoɓon ta duba ba kafin ta amsa, ni ta duba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mako guda na yi ina bin wannan magana, kuma na tarar an riga ni. A 1974 Rose da Blank sun nuna cewa maimaita tambayar yana sa yaro ya ɗauka amsarsa ta farko ce ba ta yi ba, kuma idan aka yi tambayar sau ɗaya kawai, bayan an sauya jerin kayan, yara da yawa suna amsawa daidai. A shekarar dai, a Edinbara ta ƙasar Sikotilan, McGarrigle da Margaret Donaldson sun jera 'yan ƙwallaye sahu biyu, sai suka sa wata 'yar tsana mai ɓarna ta zo ta hargitsa sahu ɗaya kamar tsautsayi ne, ba aikin babba ba. Yaran da suka ce adadin bai canza ba sun ƙaru sosai. Wato idan babba ne ya yi abu da niyya sannan ya yi tambaya, yaro yana ɗauka lallai wani abu ya canza, in ba haka ba me zai sa a tambaye shi.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne aikin Patricia Greenfield a tsakanin yaran Wolof na ƙasar Sanagal, wanda ya fito a 1966. Wasu yaran da ba su shiga boko ba sun ce ruwan ya ƙaru ne saboda ita ce ta juye shi, amma da aka bar su suka juye da hannunsu, da yawa sun ce yana nan yadda yake. A nan gida Nijeriya ma, Price-Williams ya gwada yaran Tibi da ƙasa da 'ya'yan itace, ya wallafa a 1961 cewa suna kai wa ga wannan fahimta a shekarun da ba su yi nisa da na yaran Turai ba.

Idan haka ta faru a Edinbara, ina ga Kano, inda muke tarbiyyar yaro a kan kada ya musa wa babba, kada ya haɗa ido da shi, kuma inda malami ba ya maimaita tambaya sai idan amsar ba ta gamshe shi ba? Yarinyar nan ladabi ta yi mini, ni kuma na rubuta shi a matsayin gazawa. Akwai kuma matsalar kalma. "Ya fi" a bakin ƙaramin yaro tana ɗaukar ya fi tsawo, ya fi kyau, ya fi burge ni. Daga yanzu zan ce: idan kai ka sha wannan, ƙaninka ya sha wancan, akwai wanda aka ƙwara?

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na sake gwajin da sauye-sauye uku: yaro ne zai juye da kansa, tambaya sau ɗaya, kuma da maganar ƙwara. Yarinyar mai talla ta juye zoɓon ba tare da ɗigo ya zuba ba, ta ce, "Babu wanda aka ƙwara, Anti, ai shi ne dai." Na tambaye ta dalilin da ya sa wancan makon ta ce na kwalba ya fi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Na ga kin sake tambaya." Na soke abin da na rubuta a kanta da jan biro, na bar shi a fili a takardar domin in riƙa ganinsa.

A gwajin murafen lemo ban buƙaci 'yar tsana ba, domin ƙanin ɗaya daga cikin yaran, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya shigo soron ya bi ta kan sahu ɗaya ya watsa shi. Na yi maza na tambayi wani mai shekara shida ko har yanzu murafen nasa da nawa ɗaya suke, ya ce, "Eh mana, tarwatsa su kawai ya yi." Wannan yaron a makon jiya, da ni na baza sahun da hannuna, cewa ya yi mai tsawon ya fi yawa.

Duk da haka ba zan rubuta cewa Piaget ya faɗi ba. 'Yan shekara huɗu, da yaron nan mai shekara biyar, ko da suka juye da hannunsu, sun tsaya a kan na kwalba ya fi, har ɗaya ya yi kuka da aka ba ƙanwarsa kwalbar. Akwai abin da yake nuna a hankalin yaro da lokaci, wanda gyaran tambaya ba ya kawo shi. Abin da zan gyara a babin shi ne shekarun: zan rubuta su a matsayin kimantawa, in gargaɗi malami kada ya yanke wa yaro hukunci da tambaya ɗaya a zama ɗaya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Hazo da tari sun hana yara da yawa zuwa, bakwai kawai na samu. Piaget da abokiyar aikinsa Inhelder suna da gwajin duwatsu uku, inda ake tambayar yaro abin da 'yar tsanar da ke ɗaya gefen take gani. Na gina biyu da yumɓu, na ce wannan Dala ne, wannan Gwauron Dutse, na zaunar da 'yar tsana a bayansu. Ƙananan sun faɗi abin da su suke gani. Amma da na mayar da abin wasan ɓuya, na ce su ɓoye 'yar tsanar inda yayarta ba za ta hango ta ba, har mai shekara huɗu ya kai ta bayan Dala. Martin Hughes ya samu irin wannan a shekarun 1970 da 'yar tsanar ɗan sanda. Zan sake idan sauran sun warke.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yau lissafi muka yi da 'yan matan nan uku masu talla, kuma wannan zama ya fi kowanne taɓa ni. Na zauna a matsayin mai saye. Na ce wa babbar cikinsu ta ba ni ƙullin gyaɗa bakwai na naira hamsin-hamsin, na miƙa mata ɗari biyar. Kafin in janye hannuna ta ce, "Canjinki ɗari da hamsin." Na tambaye ta yadda ta yi. Ta ce, "Biyu ɗari, huɗu ɗari biyu, shida ɗari uku, da ɗaya ɗari uku da hamsin. Hamsin ta cike ɗari huɗu, ɗari ta cike ɗari biyar." Ta ninka, ta tara, sannan ta yi ɗebewa ta hanyar cikewa zuwa sama, duk a ka.

Bayan mun sha ruwa na rubuta mata 500 a sama, 350 a ƙasa, na ja layi, na ce ta ɗebe. Ta daɗe riƙe da fensir, ta rubuta 250. A gidan tsakiya ta ga sifili a sama da biyar a ƙasa, sai ta cire ƙarami daga babba ta rubuta biyar, a gidan ɗari kuma ta cire uku daga biyar. Na ce mata, "Idan na ba ki ɗari biyar na sayi na ɗari uku da hamsin, ɗari biyu da hamsin za ki ba ni?" Ta zaro ido ta ce, "Wa? Ai Umma sai ta yanka ni." Ba ta taɓa ɗauka cewa lambobin takarda da kuɗin farantinta abu ɗaya ne ba.

A 1985 Carraher da Carraher da Schliemann sun wallafa irin wannan game da yara masu sayar da kaya a titunan Recife ta ƙasar Birazil: a wurin ciniki sun amsa kusan kashi 98 cikin ɗari daidai, amma da aka ba su lissafin tsurarsa a takarda abin ya sauko zuwa wajen kashi 37. Kafin su, a 1967, Gay da Cole sun nuna cewa manoman Kpelle na Laberiya sun fi Amurkawa masu ilimin boko iya kimanta yawan gwangwanin shinkafar da ke cikin kwano. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo a kasuwar Rimi ko Dawanau ya san wannan ido. A nan Kano ma, Enid Schildkrout ta yi nazarin tallar yara da aikensu a shekarun 1970, ta nuna yadda sana'ar matan da ke cikin gida ta dogara a kansu.

Ina so a fahimce ni a wannan babi. Ba yabon talla nake yi ba, na san abin da take ci na lokacin karatun yarinya da irin haɗarin da take jefa ta. Abin da nake cewa shi ne yarinyar da ake kira daƙiƙiya a ajin lissafi tana shigowa da lissafi a kanta, kuma aikin malami ne ya ƙulla wannan da alli da allo. Na fara da ita yau: mun zana gida uku, na ɗari da na goma da na ɗaya, muka canza takardar ɗari zuwa goma-goma guda goma kafin mu ɗebe. Kalmar "canji" ta fi mata "aro" ma'ana nesa ba kusa ba, kuma ita zan sa a littafin.

Asabar, 8 ga Maris

Yau azumi takwas. Na dakatar da zama da yara sai bayan Salla, na koma karatu da rubutu bayan sahur. Babin Vygotsky, masanin tunanin yara na Tarayyar Sobiyet, nake kai. Shekararsu ɗaya da Piaget, 1896, amma shi tarin fuka ya ɗauke shi a Mosko a 1934 yana da shekara talatin da bakwai. An daina buga ayyukansa a ƙasarsa na kusan shekara ashirin, kuma sai a 1962 littafinsa kan tunani da harshe ya fito da Turanci. A wurinsa tunani yana farawa ne tsakanin yaro da wanda ya fi shi sani, ta hanyar magana, sannan ya koma cikin yaron ya zama nasa. Shi ya sa ya ɗauki surutun da ƙaramin yaro yake yi shi kaɗai yana wasa da muhimmanci: umarnin da ya saba ji daga manya ne yake ba kansa, kuma wajen shekara bakwai sai ya koma zuci. Na yi shekaru ina cewa "a yi shiru" ga yaran da suke ƙirga da baki suna rubutu, ban san igiyar da suke riƙe da ita nake fizgewa ba.

Babban ra'ayinsa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da yaro yake iyawa shi kaɗai da abin da yake iyawa idan an kama masa, kuma a cikin wannan tazara koyarwa take da amfani. Na rasa gajeren suna har sai da na ga maƙwabciyata tana yi wa ɗanta tata a tsakar gida, ta riƙe masa hannu biyu, sannan yatsa ɗaya, sannan ta saki ta matsa baya taku biyu tana kiransa. Na sa wa babin suna "Tata". A 1976 Wood da Bruner da Ross sun kwatanta wannan taimako da katakan da magina suke ɗaurawa a jikin gini su taka, waɗanda ake kwancewa idan ginin ya tsaya. Kwancewar ita ce abin da mu malamai muka fi mantawa.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na nemi izini na zauna a makarantar allon da huɗu daga cikin yaran suke zuwa, daga bayan asuba har hantsi, a gefen da matan gidan suke. Na je da tunanin zan ga hadda kawai, sai na ga tsari. Yaro yana farawa da babbaƙu, kowane harafi da sunansa na Hausa mai nuna siffarsa, irin su ba guje da ha kuri da lam jaye, sannan farfaru, sannan ya fara haɗawa. Ba a wanke masa allo sai ya riƙe abin da ke kai. Wanda ya fi jan hankalina wani ɗan saurayi ne da yake biya wa wani ƙolo. Da farko ya karanta ayar gaba ɗaya yaron yana bi, yatsansa a kan yatsan yaron. A zagaye na uku sai ya riƙa faɗin farkon kalma kawai ya yi shiru. A na biyar ya ɗauke hannunsa, ya juya ga wani yaron, amma kunnensa yana nan, domin da ƙolon ya yi tuntuɓe ya jefo masa harafi ɗaya ba tare da ya waiwayo ba. Tatar da na rubuta a watan jiya ke nan, a kan buzu.

Da aka tashi na gaishe da malamin na ce, "Allah ya gafarta Malam, yaya ake gane yaro ya isa a ƙara masa?" Ya ce, "Malama, idan ya karanta yana kallon wani wuri, ya isa. Idan yana kallon bakina, da saura." Na rubuta wannan kalma da kalma, domin ita ce abin da ya faru tsakanina da yarinyar zoɓo.

Scribner da Cole sun yi aiki a tsakanin al'ummar Vai ta Laberiya, suka wallafa a 1981 cewa kowane irin karatu yana kaifafa irin basirar da yake amfani da ita, kuma waɗanda suka yi karatun Alƙur'ani sun yi fice wajen riƙe jerin kalmomin da ake ƙara musu ɗaya bayan ɗaya. Zan gwada wannan da yaranmu. Abu ɗaya da ya dame ni a zaman shi ne bulala, wadda take nan a makarantun boko ma. A babin zan kawo Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, domin a littafinsa Muƙaddima ya ce ilimi ba ya shiga sai a hankali, kaɗan-kaɗan, ana maimaitawa, kuma ya ware fasali a kan cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana koya masa ƙarya da ɓoye abin da ke ransa. Yaron da yake tsoro amsar da za ta kuɓutar da shi yake nema.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Na ba abokan aikina huɗu babi uku su karanta. Babbar cikinmu, wadda ta kusa ritaya, ta dawo mini da nata cike da alamu, ta ce, "Ƙanwata, duk wannan gaskiya ne, amma ke da yaro ɗaya kike a soro, ni kuwa da yara fiye da tamanin nake a aji. Wa zan yi wa tata?" Ba ni da amsar da ta wuce abin da na gani a makarantar allo, inda malami ɗaya yake riƙe yara masu yawa saboda na gaba yana biya wa na baya. Mun amince za ta gwada zaunar da yara uku-uku a darasin lissafi na mako huɗu, mai ƙarfi ɗaya a kowane rukuni, da sharaɗin ba zai faɗi amsa ba sai dai ya yi tambaya.

Ta biyu ta ce sunayen Turawa sun yi yawa a shafukan farko, malami zai gaji kafin ya kai ga zoɓo. Ta yi gaskiya. Zan juya kowane babi ya fara da abin da za a yi da yaro, sannan abin da za a lura da shi, sannan sunan masanin. Ta uku ta tambayi dalilin da ya sa babu babi a kan harshen koyarwa, alhali duk gwajin da Hausa na yi shi. Na karɓi wannan. Zan kawo aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin.

Asabar, 10 ga Mayu

Inda aiki ya tsaya: babin Piaget da na lissafin talla sun kammala a sabon tsari, babin "Tata" yana jiran sakamakon ajin abokiyar aikina, wanda saura mako biyu, babin harshe kuma shafi biyu kawai na rubuta. Na maimaita gwajin Dala da Gwauron Dutse da sauran yaran, abin da na gani a Fabrairu ya sake fitowa. Yaron nan mai shekara biyar ya cika shida a watan jiya. Na sake ba shi zoɓo ranar Alhamis, ya juye, ya ce na kwalba ya fi, sannan ya tsaya, ya mayar da shi kofi da kansa ba tare da na ce komai ba, ya duba, ya sake juyewa, ya ce, "Anti, tsaya tukuna." Ban matsa masa ba, na rubuta ranar.

Saura gwajin yumɓu, inda ake mulmula curi biyu daidai sannan a murza ɗaya ya yi tsawo. A 1969 Price-Williams da abokan aikinsa sun samu cewa 'ya'yan maginan tukwane a Meziko suna riga sa'anninsu gane cewa yumɓun bai ƙaru ba. Wata uwa a cikin iyayen yaran ta ce danginta suna ginin tukwane a bayan gari, kuma ta yi alkawarin raka ni ranar Asabar mai zuwa idan mun samu izinin mai gidan. Zan tafi da curi shida da zaren awo, kuma yaran ne za su murza da hannunsu.